Gidan da Yaro Zai Zo da Ƙafarsa: Lacca a Kan Kula da Matasan Titi



   

An nemi in yi magana a kan gidajen da masallatai da ƙungiyoyin addini ke buɗewa saboda yaran da titi ya riƙe, irin gidan da yaro zai shiga da rana ya ci abinci, ya yi wanka, ya huta, ya koyi wani abu, ya fita lokacin da ya ga dama. Da kuma irin mutumin da ya dace ya riƙe gida irin wannan. Zan fara daga arewa, domin a nan Damagaram ba a maganar yaran titi a tsallake hanyar Aljeriya.

A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin sahara, arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Motocinsu biyu ne suka lalace, ruwa ya ƙare musu. Yara 52 ne, mata 33, maza 7. Mafi yawansu mutanenmu ne na yankin Kance, kuma Tamanraset suka nufa. Allah ya jiƙansu. Ku dubi lissafin nan da kyau: yara sun fi manya yawa, saboda yaron shi ne jarin tafiyar. Kance ƙasa ce mai cunkoson jama'a, an raba gonaki gado bayan gado har sun tsuke, abin da aka noma ba ya kai gida wata damina. Sai mace ta ɗauki 'ya'yanta, wani lokaci har da na dangi ko na maƙwabta bisa alkawarin za a riƙa aiko wa iyayensu wani abu, a tafi bara.

Tun watan Disamba na 2014, bayan yarjejeniya tsakanin gwamnatocin biyu, ake dawo da 'yan Nijar a jerin manyan motoci. Baƙi 'yan wasu ƙasashe kuwa akan sauke su a wurin da ake kira Point Zero, su taka kilomita 15 a ƙasa kafin su isa Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai. Kuma kun fi ni sanin cewa da yawa ba sa daɗewa a gida suke sake komawa.

Wanda nake so mu tsaya a kansa shi ne yaron da ya yi shekara uku ko huɗu yana miƙa hannu a bakin kasuwa da mahaɗar tituna a Tamanraset. Ya san kuɗi tun yana ƙarami. Ya iya Larabcin titi. Bai zauna gaban allo ba, bai je lakwal ba, hannunsa bai saba da hauya ba. Ranar da gashin baki ya fara tsiro masa, bara ta sallame shi, domin ba mai tausayin ƙato. An dawo da shi ƙauyen da ba shi da abin yi a cikinsa, sai ya gangaro birni. Ga shi nan a tasha yana dako, ga shi yana sayar da man fetur a kwalba, ga shi da dare a kangon da ba wanda ya san yana kwana a ciki. A nan tiramol da sholisho ke samun sa.

Idan ka bar Tamanraset ka yi arewa cikin duwatsun Tefedest, akwai wani ƙaramin ƙauyen Buzaye da ake kira Mertutek, a gundumar Idles, wanda masu bincike suka sani saboda zane-zanen mutanen dā da ke jikin duwatsunsa. A ƙauye irin wannan, can ko nan, yaro ba ya ɓacewa a idon mutane. Kowa ya san ɗan wane ne, idan magariba ta yi ba a gan shi ba za a tambaya. Ba sa bukatar wata cibiya. Ita kanta Tamanraset a 1905 gidaje wajen ashirin ne, yau ta zama babban birni da ke haɗiye baƙo har ba a jin ɗuriyarsa. Abin da birni ke ƙwace wa yaro shi ne mutumin da zai lura da rashinsa. Duk wani gidan kula da matasa, kafin tuwo da sabulu da keken ɗinki, aikinsa na farko ke nan: a sami babba guda da zai ce, yau wane bai zo ba, lafiya?

Ba sai mun je Aljeriya ba. 'Yar garin nan, Aicha Macky, ta fitar da fim ɗinta mai suna Zinder a 2021, ta shiga unguwar Kara-Kara ta zauna da samarin da ake kira 'yan pale. Wanda ya kalle shi ya ga abin da muka daɗe muna wucewa ta gefensa. Pale tana da shugaba, tana da doka, akwai karo-karo idan ɗaya ya shiga hannu, akwai wurin zama da shayi. Wato samarin sun gina wa kansu abin da muka kasa gina musu. Duk wanda zai buɗe gida saboda su ya sani akwai mai gasa da shi, kuma mai gasar nan ya riga shi sanin sunayensu.

Me muka saba yi musu? Wa'azi ta lasifika, alhali wanda ake yi dominsa ba ya kusa da masallacin. Idan abin ya gagara, sai gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka sanar da fito da fiye da mutum 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. A watan da ya biyo aka buɗe irinsu a Daura da Katsina. Ba na son mu ɗauki wannan labarin Najeriya kaɗai, domin marin nan mun san shi a ƙasar Hausa duka. Kuma adalci shi ne a faɗa cewa iyaye ne suka kai 'ya'yansu da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna kuka. Uwar da ɗanta ya sace mata akuya har sau uku saboda ƙwaya, ya ɗaga mata hannu, ina za ta kai shi? Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ƙalilan ne, kurkuku kuma ƙara lalata shi za ta yi. Bukatarta gaskiya ce. Maganin da aka ba ta ne ya zama cuta. Yaron da aka ɗaure yakan natsu muddin ƙarfen yana ƙafarsa, ranar da aka kwance shi sai ya fita da tsohon halinsa, ga kuma ƙiyayyar duk abin da aka karanta masa yana ɗaure. Hasarar ta zama biyu, har da addininsa.

Allah ya gafarta malamai, ku ne kuka karantar da mu labarin Ahlus Suffa. A Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an keɓe wata rumfa saboda baƙi da matasan da suka zo Madina ba gida ba dangi ba dukiya. Yawansu yana ƙaruwa yana raguwa. Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya zauna cikinsu, ya ba da labarin ganin mutum saba'in. Mutanen Madina suna rataye zangarniyar dabino a masallaci don mai jin yunwa ya ci. Da dare sahabbai suna tafiya da ɗaya ko biyu gidajensu su ci abinci tare. Ubada bin Samit yana koya musu Alƙur'ani da rubutu. Wanda ya sami sana'a ko ya yi aure sai ya tashi, wani ya maye gurbinsa. A duk abin da na karanta ban ga inda aka rufe wa wani daga cikinsu ƙofa ba. Wurin yana cikin masallaci, a idon jama'a, ciyarwar kuma ta rabu a kan gidajen gari. Saboda haka idan muka ce masallaci ya buɗe gida ga yaran titi, ba daga Turawa muka aro ba.

To, yaya aikin yake a wuni guda? Bari in faɗi abin da duk wanda ya taɓa zama da yaran nan zai shaida. Yaro ya shigo ran farko, ba zai zauna a tsakiya ba, jikin bango zai raɓe kusa da ƙofa. Ka ba shi tuwo, zai ci da sauri yana kare kwanon da hannu ɗaya, ya rage rabi ya ƙulle a leda, saboda bai yarda gobe akwai wani ba. Ka tambayi sunansa, zai ba ka na ƙarya, garinsu ma na ƙarya. Kada ka ƙure shi. Rubuta abin da ya faɗa, ka kira shi da shi. Ka duba tsakanin yatsunsa za ka ga ƙazuwa, ka duba ƙafarsa za ka ga gyambon da ya ɗaure da tsumma. A wanke, a sa magani, a yanke masa ƙumba, a bar shi ya yi barci, domin yaron da ke kwana a waje barcin tsoro yake yi, rabin ido a buɗe. Wata rana, bayan makonni, zai miƙo maka jika ɗaya ya ce ka ajiye masa. Ka rubuta a littafi a gabansa, ran da ya nema ka ba shi cif, ko da ka san abin da zai saya ba alheri ba ne. Ka yi masa faɗa, amma ka ba shi kuɗinsa. Yana gwada ka ne. Idan ka ci wannan jarrabawa, shi da kansa zai gaya maka sunansa na yanka da sunan mahaifiyarsa. Daga nan ne ake fara maganar karatu, da sana'a, da komawa gida.

Akwai masu irin wannan aiki a yankinmu. A Sanluwi ta Senegal, Issa Kouyaté ya kafa Maison de la Gare a 2007 saboda almajiran da ke bara. Yara suna zuwa su yi wanka, a duba lafiyarsu, su yi karatu, su buga ƙwallo, su koma makarantunsu. Ma'aikatan suna zagayen dare a tasha da kasuwa suna neman waɗanda suka gudu. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su yanke hulɗa da malaman yaran ba, tare da cewa suna kai ƙarar wanda ya zalunci yaro. Mu ma haka ya kamata. Sau da yawa malamin allo shi kansa talaka ne da aka jibge wa yara hamsin ba ko tiyar hatsi. Idan ka mai da shi abokin gaba, gobe ba za ka ga almajirinsa ko ɗaya ba.

Yanzu shugaban. Mun saba idan za a ba da shugabancin abin addini sai a nemi wanda ya fi ilimi ko ya fi iya magana. Wannan aiki yana son wani abu daban: mutumin da za a zage shi da safe ya ciyar da wanda ya zage shi da rana. Yaran nan za su sace masa buta da tabarma da wayar hannu. Wanda ya sha wahala a kansa wata shida zai ɓace, a gan shi a buge a bayan tasha. Idan shugaba mai ɗaukar wannan a matsayin cin mutuncinsa ne, zai koma bulala, daga bulala sai kwaɗo a ƙofa. Gida yana bukatar doka, gajeriya wadda kowa ya sani: ba a shiga da makami, ba a shiga da ƙwaya, ba a dūkan ƙarami. Wanda ya karya ya fita yau, gobe ya dawo a karɓe shi. Korar har abada ita ce hukuncin da ya fi sauƙi ga shugaba, kuma ita ce ke mayar da yaro hannun da muka ɗauko shi.

Ku dubi Zannah Mustapha na Maiduguri. Lauya ne, a 2007 ya buɗe makarantar Future Prowess Islamic Foundation da marayu 36. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke, ya karɓi 'ya'yan jami'an tsaron da aka kashe, ya karɓi 'ya'yan 'yan ƙungiyar da aka kashe, ya zaunar da su aji ɗaya, ya jawo iyayensu mata zawarawa cikin tafiyar da makarantar. Amincin da ya samu daga ɓangarorin biyu shi ya kai shi shiga tsakani wajen sako 'yan matan Chibok 21 a 2016 da 82 a 2017, kuma a 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Nansen. Bai tambayi yaro laifin ubansa ba. Mu ma za a kawo mana ɗan karuwa, da ɗan kuturu, da ɗan ɓarawo, da yaron da ba Musulmi ba wanda hanyar sahara ta yar a nan. A nan ina roƙon malamai su saurare ni: kada a sayar da tuwo da salla. Idan lokaci ya yi a kira, manya su tashi, yaro yana gani. Wanda aka ce ba zai ci ba sai ya yi salla zai yi ta ba alwala, kuma mun koya masa munafunci da hannunmu.

A can Tamanraset akwai wani labari da nake yawan tunawa. Charles de Foucauld, limamin Kirista Bafaranshe, ya sauka garin a 1905 ya zauna cikin Buzaye har aka kashe shi ran 1 ga Disamba 1916. Yana da alaƙa ta kusa da sojojin mulkin mallaka, wannan ba a ɓoye yake ba, kuma addininsa daban namu daban. Ya saba shi ke bayarwa, magani da hatsi da allura. A farkon 1908, lokacin fari, ya rabar da abin da ke hannunsa, ciwo ya kwantar da shi har ya fid da rai. Mutanen wurin, cikin yunwarsu, suka yi ta neman awakin da ke da sauran nono suna kawo masa har ya tashi. Masu rubuta tarihinsa sun ce daga nan zamansa da su ya sāke. Shugaban da kullum shi ne mai bayarwa, yara kullum su ne masu karɓa, yana raino mabarata ne a cikin inuwa. A ba su aiki na gaske. Wannan ya riƙe mabuɗin randa, wancan ya dafa shayi, wanda ya girma ya raka sabon zuwa wurin likita. Tsohon ɗan pale da ya natsu ya fi ni da ku iya shiga kango da dare ya fito da yaro.

Sai maganar da ba ma son yi a bainar jama'a. Wurin da aka tara yara marasa gata yana jawo mutanen kirki, yana kuma jawo masu neman yara da lalata, kuma waɗannan ba sa zuwa da alama a goshi. Sukan zo da carbi da kyauta. Saboda haka doka ta hau kowa, har shugaban: babba ba ya keɓewa da yaro a ɗaki a rufe, ba ya tafiya da shi gidansa ya kwana. A sami mace dattijuwa a gidan kullum, kuma yara su san wani a waje da za su kai wa ƙara. Idan abu ya faru, a kai wa hukuma. Rufa asirin ƙungiya da mutuncin yaro cin amana ne, ko wane ne ya aikata.

Haka kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mai karɓa daban, mai kashewa daban, a karanta lissafi a gaban jama'ar masallaci. Kada a jera yara a ɗauki hotonsu da kwano a hannu a watsa a Facebook don neman taimako. Yaron nan zai girma ya nemi aure. Kuma shugaba ya san iyakarsa. Wanda ƙwaya ta kama har yana farfaɗiya, ko hankalinsa ya taɓu, a yi masa addu'a a kuma kai shi likita a ranar.

Iyayenmu mata, yawancin abin da na faɗa a kan samari ne, alhali motocin da ke dawowa daga Aljeriya cike suke da 'yan mata, ga 'yan talla da 'yan aikatau a cikin gari. Su ba za su shiga gidan maza ba, bai ma kamata ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan karkara su iso gare ta su kaɗai ba. Ta naɗa jajis, dattijai mata amintattu, suna zuwa ƙauyuka suna jagorantar 'Yan Taru. Makarantun Islamiyyar matan aure da ke kowace unguwa a yau suna da ɗaki, suna da malamai, suna da amincin iyaye. Awa biyu da rana, a buɗe wa 'yar talla ta ajiye farantinta ta sha ruwa, ta sami wadda za ta gaya wa abin da wani mai shago ya yi mata.

Daga ina kuɗin zai fito? Zakka tana da masu cinta takwas, faƙiri da miskini da matafiyin da guzurinsa ya yanke suna ciki, kuma yaron da aka sauke daga motar Asamaka ya haɗa ukun. A Kano da Sakkwato akwai hukumomin zakka da waƙafi. Mu ko ba hukuma, mai shago ɗaya zai iya waƙafin hayarsa. Ina ganin masallatai suna sāke tayil da fenti alhali na dā bai lalace ba. Kuɗin nan zai riƙe rumfa da randa da tukunya na tsawon lokaci. A fara da ƙarami, yara goma, kwana uku a mako, amma ranar da aka ce za a buɗe a buɗe, ko ana ruwa ko ana azumi. Tallafin ƙungiyoyin waje a karɓa idan ya zo, sai dai kada a ɗora tukunyar a kansa, domin yana da wa'adi.

Abu na ƙarshe shi ne mafita, wato sana'a. Ba sai gidan ya sayi injuna ba; garin nan cike yake da makanikai da masu walda da teloli da kafintoci da dukawa. Matsalar ita ce yaron da ba shi da uba a gari yakan zama ɗan aike shekara biyar ba a nuna masa komai ba. Don Bosco, limamin Kirista da ya tara yaran titi a birnin Turin na Italiya tun wajen 1841, yana rubuta yarjejeniya tsakanin yaro da mai gidan sana'a, ya sa hannu a matsayin mai tsaya masa. Mu yi haka a gaban mai unguwa: shekara nawa zai yi, me za a koya masa, nawa ne kuɗin abincinsa a wuni, ba dūka, ranar Juma'a yana hutu. Sannan wani daga gidan ya riƙa leƙawa garejin duk mako, ya gaisa da mai gida, ya ja yaron gefe ya tambaye shi ko an fara barinsa ya riƙe sifana.